Rubutun Namadi a Bayan Fayafayansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Satumba 1993, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Namadi Hamisu, tsohon mai duba tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, bayan jinyar mako uku. Ni ne Gado direba, amininsa na shekara talatin.

Namadi, tun ba a naɗe tabarmin makoki ba aka fara. Wai mutumin kirki ne, sai dai kiɗan Turawa ya ɗauke masa hankali. Wannan "sai dai" ɗin ce ta hana ni zama, har na ɗauki biro, ni da ban saba ba.

Haka ne, ka so kiɗan jaz, kuma ba ka taɓa ɓoyewa ba. Abokan aikinka na jirgi suna kawo maka fayafai daga Legas, kai kuwa kowanne ka saurara sai ka juya kwalinsa ka rubuta hukuncinka da Hausa. A bayan wani ka sa: "Mai ƙahon nan ya iya gudu, amma bai san inda za shi ba." A wani kuma: "A ji shi sau uku kafin a zage shi." Da zamanin kaset ya zo da kiɗan rok, da wanda ake kira metal, ba ka ce ka tsufa ba. A bayan wani kaset ɗin metal ka rubuta cewa kamar an kulle maƙeran kasuwar Shinkafi a ɗaki guda ne, amma mai gangar ya san aikinsa.

A kan wannan kaset muka yi faɗa a hanyar Zurmi. Na ce hayaniya ce, ka ce, "Kai Gado, injin mota ya cinye maka kunne." Da muka kai Dauran na taka birki na ce ka sauka. Wallahi ka sauka, ka zare kaset ɗinka ka kama tafiya a ƙasa, sai da na bi ka ina ba ka haƙuri.

Masu magana su faɗi sauran mana. Su faɗi daminar da ka goya wani dattijo mara lafiya, mutumin Sakajiki, tun daga bakin tasha har cikin tarago. Su faɗi cewa ladan yana ɗaga murya kake ɗage allura daga kan faifai, ko da ana tsakiyar wurin da ka fi so. Wane ne a cikinsu ya taɓa riga ka sahun farko?

Ranar sadakar bakwai, yayanka Alhaji Muhtari ya ce a fito da adakar fayafayan a ƙone a bayan gida, kada su zame maka nauyi a kabari. Na san tsoro ne da ƙauna suka sa shi, amma ban yarda ba, kuma na faɗa masa a gaban mutane. Ba ka bar wasiƙa ba, ba ka bar littafi ba. Duk abin da hannunka ya rubuta a duniya yana cikin adakar nan.

Maganata ba ta tsayar da kowa ba. Matarka Kulsumu ce ta tsayar. Ta sa an ja adakar zuwa ɗakin da take takaba, ta aiko ɗiyarku Mariya zaure da saƙo: "A gaya ma Yaya, kayan suna ɗakina. In yana iya shiga ɗakin mai takaba, bismillah." Alhaji ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. Ya ce zai jira wata huɗu da kwana goma.

To Alhaji, mu ma muna jira. Ranar da Kulsumu ta fita takaba zan zo har gida in ɗauke ka. Ba za mu sa maka kiɗa ba. Kwali ɗaya kawai Mariya za ta miƙa maka, wanda uwarta ta tsinta a ƙasan adakar, mai kwanan watan 1971. Ga abin da ƙanenka ya rubuta: "Wanga zai yi ma Yaya Muhtari daɗi, da zai zauna." Ka karanta da idonka, sannan ka ƙyasta ashana in za ka iya.

Allah Ya jiƙanka Namadi, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba Kulsumu da Mariya da dukan dangi haƙurin wannan rashi, Ya ba Alhaji Muhtari nasa, don shi ma ƙane ya rasa. Mu kuma Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.