Koren Kogi a Cikin Tulu

Tsoho mai hura gilashi ba shi da malamin launi sai kogin da ke bayan rumfarsa. Tun yana saurayi yakan tsaya bakin ruwa da la'asar ya ƙare wa korensa kallo, sannan ya koma gaban wuta, ya ɗebo narkakken gilashi a bakin bututu, ya yi ta hurawa har koren nan ya fito jikin tulu.

Yanzu kogin ya ƙafe, an cike shi da shara, an jera shaguna a kai. Cikin sharar yake tsinto fasassun kwalabe ya narka. Ƙirji ya gaji, da ya hura sai tari ya sarƙe shi, kuma cikin 'ya'yansa ba mai ko kallon bututun.

Rannan wata sabuwar mai shago ta ɗaga tulu ɗaya ta haska a rana.

"Baba, wannan koren na mene ne?"

"Na kogi ne, 'yata."

Ta waiga hagu da dama. "Wane kogi?"

Ya dubi inda ƙafarta take, daidai inda ruwan yake gudana a dā. Sai ya karɓi tulunsa, ya mayar cikin kwali.