Kalmar da Ta Ci Aikin Malam Haladu

Shekara goma sha tara ke nan cif da muka kai Malam Haladu makwancinsa a ƙauyensu da ke bayan Kurmin Kogi. Duk shekara idan rake ya fara cika kasuwar Makarfi sai ya faɗo mini a rai, don a irin wannan lokaci ya bar mu. Na sha ɗaukar biro in rubuta wani abu a kansa, in sake ajiyewa. Bana dai na daure, saboda shekaru sun ja, kuma akwai maganar da ba na so in shiga kabari da ita.

Tare muka koyar a wata firamare ta ƙauye a yankin Gubuchi, zamanin soja, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ni ke riƙe da aji biyar, shi aji shida. Ina da takardar shaidar malanta daga kwaleji, shi kuwa darasi ɗaya ya kayar da shi a jarrabawa, bai samu halin komawa ba. Amma in gaskiya za a bi, ya fi ni iya koyarwa nesa ba kusa ba. Da alli ya yi wuya, kwalin sukari yake yankawa ya rubuta kalmomin Turanci biyar kowace safiya, kuma ba yaron da zai fita hutun tara sai ya saka ɗaya cikin jimla a kan abin da ya baro a gida, ko akuya ko rumbu ko garmar babansa. Ƙamus ɗaya makarantar ta taɓa mallaka, shi ma gara ta gama da shi tun kafin a turo mu.

Saboda haka idan kalma ta shige masa duhu, ni yake tambaya. Ni kuwa a lokacin ji nake kamar a gidanmu aka raɗa wa Turanci suna. Wata rana yana shirya darasin kishiyoyin kalmomi, ya same ni a gindin darbejiya ya tambaye ni ma'anar “invaluable”. Na ce masa ai wannan a fili take: yadda “incorrect” ke kishiyantar “correct”, haka ita ma ke kishiyantar “valuable”, wato abu marar daraja, abin banza. Ban ce ina jin ba, ban ce bari mu bincika ba. Ya yi godiya ya rubuta a kwalinsa, ya yi shekara uku yana koya wa yara haka.

Akwai wani dattijo, Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wanke wa mutanenmu gyambo a ɗakin shan magani. Da aka fara rage ma'aikata, har da shi. Aka kawo masa takardar sallama da Turanci, ya miƙa wa 'yarsa Rifkatu, 'yar ajin Haladu, ta karanta masa. Kalmar nan na ciki. Yarinya ta fassara yadda aka koya mata, cewa hukuma na gode masa bisa aikin banza da ya yi. Washegari dattijon ya zo makaranta wurin Haladu da takardar a hannunsa. Ya ce, “Malam, korar ban damu da ita ba. Amma shekarun nan duka, a ce aikin banza na yi?”

Haladu bai yarda hukuma za ta yi godiya da zagi a layi ɗaya ba. Ana tashi ya hau kekensa sai Makarfi, wurin wani malamin sakandare mai ƙamus. Ashe kalmar na nufin abin da darajarsa ta wuce a kimanta. Kafin ya zo wurina sai da ya biya gidan Baba Yohanna ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya karanta masa takardar yadda take.

Daga nan ya zo ya gaya mini. A makon ne ake sa ran mai duba makarantu, kuma kowa ya san sunayen waɗanda za a sallama yake tattarawa, marasa takarda su ne a gaba. Na ce masa ya rufa wa kansa asiri, ya bari guguwar ta wuce, daga baya ya gyara a hankali ba wanda zai lura. Ya ce jarrabawar shiga sakandare saura wata biyu, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da safe ya tsaya gaban aji ya ce wa yara ya koya musu kuskure. Ya sa kowa ya soke tsohuwar ma'anar, ya rubuta sabuwa, a ƙasa kuma a rubuta cewa kuskuren na Malam ne, don kada wani uba ya daki ɗansa.

Wannan layin mai duba makarantu ya gani a littafi bayan littafi. Ya kira Haladu ofishin hedimasta, ina tsaye a wurin da rajistar ajina a hannu. Ya tambaye shi inda ya samo waccan ma'ana. Haladu ko kallona bai yi ba, ya ce, “Ni na koyar da ita, ranka ya daɗe.” Na buɗe baki, sai na tuna matata na da tsohon ciki, ga mahaifiyata a wuyana, na mayar na rufe. Tsoro ne, ba wani suna da zan ba shi. Da takardu suka fito, sunansa na ciki, nawa babu.

Ya koma gona. Rake da barkono suka riƙe shi, yana kai kaya Hunkuyi da Makarfi. An ce ko a kasuwa ya hangi tsohon ɗalibinsa sai ya yafuto shi ya gyara masa kalmar, har 'yan dako suka riƙa tsokanarsa da Malam Gyara. Sau ɗaya na iya tayar masa da maganar, muna zaune a bakin gonarsa. Ya ce, “Bar ta, Malam Sani. Ni na tsaya gaban yaran, ni ya kamata in bincika.” Ya fere mini rake ya miƙo. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Jikata na aji biyar, ƙamus guda na cikin wayar uwarta, tafiyar da ya yi a keke yanzu ɗan yatsa ke yin ta. Na san zai yi murna da wannan. Abin da zai dame shi shi ne yaran da ke rera Turanci kamar karatun aku, ka ce su faɗa maka da Hausa su yi tsuru-tsuru. Zai kuma yi ta neman babban da zai tsaya gaban na ƙasa da shi ya ce na yi kuskure. A aji ne ko a ofis, irin wannan mutum ya yi wuya fiye da allin wancan lokaci. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a wurin Haladu ya zama, kuma ya san zai zama kafin ya gyara.

Bai bar gidan siminti ba, bai ci fansho ba. Ya bar mutanen da suka zauna a ajinsa, waɗanda har yau in ba su san abu ba ba sa jin kunyar cewa ba su sani ba. Ya kuma bar 'ya, Hauwa, wadda ke koyar da Turanci a Ikara. Watannin baya muka haɗu da ita a wurin wani suna, hira ta kai mu ga mahaifinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, ai mun taso muna jin wai Turancin ne bai iya ba aka sallame shi. Shi ya sa na karanta shi.” Na yi shiru a gabanta, kamar yadda na yi a ofishin hedimasta.

Hauwa, mahaifinki tambaya ya yi, kamar yadda malamin kirki ke yi, aka ba shi amsar banza. Ni na ba shi, kuma na ci albashi har na yi ritaya a kan shirun da ya yi mini. Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya haskaka kabarinsa. Ba daidai ba ne ki ji wannan daga takarda, don haka kafin jaridar nan ta iso Ikara zan riga ta zuwa ƙofar gidanki, in faɗa miki da bakina.