Turken Da Anka Matsar Baya

Ga ta nan, jikokina, wanda ya isa ya kwance. Akuya ce ɗaure ga turke. Ba ta tsinke ba, ba ta yi ɓarna ba. Anka matsar da turkenta baya kaɗan, sai ta kwanta ta tare hanya, gari duka ya rasa mashiga. Mi ke nan?

Ku riƙe ta tukuna.

Wata goma sha ɗaya ba ku ji muryata a zauren nan namu na waya ba. Na ji har wasu sun yi mini addu'ar mamata. Na gode, ku adana, za ta yi amfani. Yau rubutu za ni yi da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci, don bakin bai son aiki.

Shekara uku ke nan da babur ya kayar da ni tsakanin Kamarawa da Isa, ina ɗauke da kwanon daddawa. Da haɓa na sauka. Muƙamuƙina ya karye gefe biyu, kusa da kunne.

Anka kai ni ga mai ɗori, kamar yadda muke yi tun kakanni. Ya shafa, ya yi tofi, ya ce, “Inna, ƙashi ƙashi ne, da na ƙafa da na baki.” Ya tura haɓata ciki, ya ɗaure ta da ƙyalle tamau zuwa ƙeya. Kwana arba'in.

Ƙashi ya kama. Amma a baya ya kama. Haƙoran ƙasa sunka ɓuya bayan na sama kamar marasa gaskiya.

Daga nan minshari ya fara. In na kwanta sai in ji an maƙure ni, in zabura ina neman iska. Munka ce dannau ne. Na sha rubutu, na yi hayaƙi har tufafina sunka koma warin kilishi.

Kuma na ɓoye. A gidan surukina Alhaji nake zaune a Sabon Birni, wace tsohuwa za ta ce wa mijin ɗiyarta tana gurnani kamar injin niƙa? Na koma barci zaune, jingine da buhun gero.

Da rana kuwa barci ya hana ni mutunci. Na yi shi cikin tahiya. Na yi shi tsakiyar tatsuniya, yara na jiran abin da kura ta yi. Ranar da na faɗa kan murhu, ɗiyata Rabi ta tsaya kaina tana kuka.

“Inna, jiya na ƙirga. Numfashinki yana tsayawa har in gama Fatiha. Kunyar wa kike ji, ta Alhaji ko ta kabari?”

Munka tafi babban asibiti a Sakkwato. Layin kati, awon jini, awon zuciya, sannan anka tura kaina cikin wani inji mai kama da bakin rijiya.

Likitan Bayarabe ne, abokin wasanmu Gobirawa. Da ya ga zanen fuskata sai ya yi dariya.

“Bagobira! Yau kin shigo hannun ubangidanki.”

Na ce, “Bawa, duba ni da ladabi.”

Da hoton ya fito, wasa ya ƙare. Ya nuna mini wani siririn baƙin layi bayan bakina. Ya ce, “Mama, nan iskarki ke bi. Ya kamata ya fi haka faɗi sosai. In kin yi barci, rufewa yake yi.” Ya ce za su yanke ƙashin, su jawo shi gaba, su kafe da ƙarfe, hanya ta buɗe. Ya ce jinina ya hau, zuciyata ta gaji da wannan kokawa, kuma ciwon zuciyar kam, wuƙa ba ta gyara shi.

Na sayar da saniyata da ke hannun Fulani. Ita na aje don likkafani da sadakar uku.

Bayan aiki na farka da roba a hanci, fuska kamar tulu. Kumburin ya ƙara matse hanyar kafin ta buɗe. Kwana biyu ina ɗakin da ba a barin dangi, ina jin kowane numfashi kamar ana jan guga da tsohuwar igiya. Can na yafe wa kowa, har mai babur.

Sunka ɗaure haƙorana sama da ƙasa mako shida. Kunu ta sirinji. Likita ya leƙo ya ce, “Na rufe bakin Gobir.” Na so in rama, hawaye kawai sunka zo.

Yanzu ina kwanciya kamar mutane. Sabon hoto ya nuna layin ya faɗaɗa. Alhamdu lillahi.

Amma leɓena na ƙasa ya mutu. Fura na zuba ga zanena ban sani ba sai an goge mini. In na yi muryar kura, yara na kallon bakina, ba su jin labarin. Daga ɗaki zuwa bakin zaure sai na huta sau biyu. Shekarun da na yi ina jin kunya, zuciyata ce ta biya su, kuma ba a maido su.

Rabi, Allah Ya ba ki masu yi miki. Alhaji, ashe kana ji ta bango kai ma kana kunyar faɗi, Allah Ya yafe mu duka. Bawana likita, na 'yanta ka.

Ku kuma, in haɓa ta karye, a yi hoto kafin kowa ya ɗaure. In naku yana minshari yana shiru yana zabura, ku zauna ku saurara, ku kai shi asibiti ko yana zaginku.

Akuyar nan harshe ce. Turkenta muƙamuƙin ƙasa. Hanyar kuwa maƙogwaro.