Ninki Biyun da Ya Cinye Mini Irin Riɗi

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da masu karatunta. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni magidanci ne da ya haura shekara arba'in, manomin riɗi ɗan manomin riɗi a yankin Simsim na jihar Gadarif. Ban yi zurfi a karatu ba, amma ina karanta Larabci daidai gwargwado, kuma ina da wani hali da ban san ina da shi ba: ina son a ce ni ne. A danginmu idan ana maganar noma, bakina ake kallo. Mahaifina ya rasu ya bar mini gona, ya bar mini irin riɗin da ya yi shekaru yana zaɓe da hannunsa, ya kuma bar mini ƙa'ida ɗaya, cewa kada in taɓa shuka gonar duka a rana guda. Yakan raba ta kashi uku da tazarar kwanaki, domin riɗi ba ya jiran kowa. Idan ya nuna ba a yanke shi ba, kwanson sai ya fashe ya zubar da abin da ke ciki. Irin kuwa a ɗakin Inna, mahaifiyata, yake kwana, a buhuna biyu da ko jikokinta ba sa kusanta.

Da yaƙi ya raba mutane da gidajensu, sai ɗan ƙanwar Inna ya iso mana daga jihar Jazira da matarsa da 'ya'yansa, ba su da komai sai kayan jikinsu. Na girme shi da shekaru, Yaya yake ce mini, ni kuma ƙane na ɗauke shi. Ni na nema masa 'yar gona a gefen tawa, ni na auna masa kwano huɗu daga irin mahaifina. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan kyauta fiye da kima, domin duk wanda ya zo gaisuwa sai Inna ta ba shi labarin alherina. A shekarar farko damina ta yi nisa kafin ya samu ya shuka, abin da ya girba bai taka kara ya karya ba. Na riƙa ba shi haƙuri da baki, amma can cikin raina ina jin daɗin zama babba mai bayarwa.

A shekara ta biyu wasu masu tallafa wa waɗanda suka yi gudun hijira suka raba musu wani sabon iri mai saurin nuna. Ni ba a ba ni ba, tunda ni ɗan gari ne. Bayan girbi, wata safiya ina shan jabana, wato gahawarmu, a kasuwa, sai wani ya miƙo mini wayarsa yana dariya, ya ce in ga ƙanena ya zama tauraro. Wani shafin labarai ne ya sa hotonsa tsaye a tsakiyar gona, rungume da damin riɗi. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa manoman da suka shuka sabon iri sun ninka amfanin gonarsu sau biyu. A ƙasan hoton an zana sanduna biyu, ɗaya gajeruwa, ɗaya doguwa har tana neman fita daga wayar. Akwai wani ƙaramin rubutu can ƙasa, amma ban ko kalle shi ba, doguwar sandar nan ta riga ta tokare ni a ƙirji. Jabanar da nake sha ta koma mini ruwan maɗaci.

Daga ranar na rasa sukuni. A masallaci mutanen da suka saba tambayata yaushe za a fara shuka sai na ga sun kewaye ƙanena. Inna ta sa aka nuna mata hoton sau ba adadi, tana cewa ɗan ƙanwarta ya fitar da su kunya, ashe ilimin noman Jazira ba wasa ba ne. Ba ta faɗi haka don ta ɓata mini ba, amma kowace kalma sai in ji kamar da ni take. Ina cewa a raina, yaron da ni na auna wa iri da kwano, yau shi ake ɗauka a hoto? Shekara ashirin ina fama da ƙasar nan, ko sau ɗaya wani bai zo ya tambaye ni sunana ba. Hassada ce tsagwaronta, amma a lokacin na sa mata suna neman ci gaba.

Shi kuwa bawan Allah bai canza ba. Ya zo har gida ya same ni, ya ce labarin nan an ƙara masa gishiri, yana so ya yi mini bayanin yadda abin yake. Ban bari ya kai ƙarshe ba. Na ce masa ai na gane, wanda ya samu rijiya ba ya son a san hanyarta. Sai ya ce shi dai shawararsa, idan zan gwada sabon irin in gwada a gefe guda, kada in saki na Baba. Wannan magana ita ta ƙara tunzura ni. Na ɗauka so yake in tsaya a inda nake shi ya wuce ni. Na ce masa ban san yaushe baƙo ya fara koya wa ɗan gari hanyar gonarsa ba. Na ga yadda kalmar baƙo ta sauka a fuskarsa. Ya tashi ya yi mini sallama cikin ladabi, kuma daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da damina ta gabato na shiga ɗakin Inna na fito da buhunan nan biyu. Ta tambaye ni ina zan kai su, na ce canza su zan yi da abin da ya fi su. Ta ce in bar mata ko kwano ɗaya, na ce mata zamani ya wuce wannan. Na kai su wurin masu matse mai na sayar, na tsaya ina kallo aka zuba irin da mahaifina ya yi shekaru yana tsincewa, ya koma man da za a soya wani abu da shi a gidan da ban sani ba. Na sayi sabon iri, kuma don in tabbatar da doguwar sandata ta fi ta ƙanena, na shuka gonar duka cikin kwana biyu. Ko kashi ukun Baba ban tuna da shi ba, ko in ce na tuna na kau da kai.

Gaskiya riɗin ya yi kyau a ido, kuma irin ba shi da laifi. Laifin nawa ne da na ire-irena, domin ashe ba ni kaɗai na ga labarin ba. Manoma da yawa a yankinmu sun yi abin da na yi. Sai gonakinmu suka nuna a mako guda. Masu yankan riɗi da ke shigowa ta garin Gallabat na kan iyaka ba su da yawa a shekarar, kowa na jan su, wanda ya riga ka ya riga ka. Na samu mutum kaɗan, na shiga da lauje ni ma, amma ina za mu kai? Muna yankan gabas, yamma na fashewa. Da rana tsaka idan iska ta kaɗa, kana jin ƙarar zubar riɗi kamar yayyafi, yana gangarawa cikin tsagar baƙar ƙasar nan tamu inda ko tsintsiya ba ta kaiwa. Na tsaya a tsakiyar gona ina kallon tururuwa na jidar abincin 'ya'yana. A rana ta huɗu na ɗaga kai na ga ƙanena da matarsa sun shigo da laujensu, ba wanda ya kira su. Bai ce mini komai ba sai sannu da aiki, Yaya. Da taimakonsu muka tsira da abin da bai kai rabin abin da na saba samu ba.

Bayan an kakkaɓe an ɗure a buhu, muna zaune a inuwar bukkar gona, na haɗiye girman kaina na ce ya faɗa mini abin da na hana shi faɗa. Ya ciro wayarsa ya buɗe labarin, ya ja shi ƙasa zuwa ƙaramin rubutun da na tsallake. A nan aka ce mutane 'yan ƙalilan aka tambaya, dukkansu masu gudun hijira, kuma an gwada amfanin shekararsu ta biyu ne da na shekarar da suka iso. Ya ce in tuna a shekarar farko shi rabin buhu ya samu a kowane faddan, wato kusan eka guda, saboda ya shuka a makare. A ta biyu ya shuka a kan lokaci ya samu buhu guda. Ninki biyun ke nan. Ya ce ko da tsohon iri ya shuka a kan lokaci zai ninka, tunda abin da ake gwadawa da shi kusan babu ne. Sai ya tambaye ni, a waccan shekarar da aka ɗauke shi hoto, nawa na samu a faddan. Na ce buhu ɗaya da rabi. Wato duk tsawon watannin da na yi ina ƙuna, mutumin da nake wa hassada bai ma kamo ni ba. Da an zana tawa sandar kusa da tasa, tawa ce doguwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya yi mini ƙarya. Lissafin daidai yake, ni ne ban tambayi daga ina lissafin ya taso ba. Da na yi tambaya ɗaya, ninki biyun mene ne, da buhunan Inna na nan a ɗakinta. Amma mai hassada ba ya tambaya, domin ya riga ya samu amsar da ke ƙona shi kuma ita yake so. Garin neman gira na rasa ido.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kullum na shiga gaishe ta sai idona ya faɗa kan kusurwar da buhunan suke zama. Ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, ƙanena ya yi sallama da buhu a kafaɗa, ya wuce kai tsaye ya ajiye shi a kusurwar nan. Ya ce wa Inna kwano huɗun da Yaya ya auna masa ne suka haihu. Ashe duk shekara yana ware gefe guda ya shuka irin Baba, yana zaɓen na iri kamar yadda ya ga ana yi a gidanmu. Shawarar da ya ba ni na kira ta makirci, ita yake bi a gonarsa. Inna ta zura hannu a buhun ta ɗebo ta shinshina, ba ta kalle ni ba. Ni kuwa na fita waje, don ba na son su ga fuskata.

Na nemi gafararsa, musamman a kan kalmar baƙo, ya ce ya manta. Ni ban manta ba, shi ya sa na rubuto. 'Yan'uwa, idan kuka ga labari ya ce abu ya ninka, ko ya ƙaru, ko ya fi, ku daure ku tambaya: ya fi me, mutum nawa aka tambaya, su wane ne, kuma wace shekara aka gwada da wace? Ku karanta ƙaramin rubutun kafin babban ya tafi da hankalinku. Idan kuma labarin ya sa kuka ji zafin wani ɗan'uwanku, to a nan ne ya kamata ku fi yin shakka, domin ni zuciyata ce ta fara ruɗina kafin wayar. Bana na raba gonata kashi uku kamar yadda Baba ya koya mini, kuma irin da na zuba a ƙasa, daga hannun wanda na kira baƙo na karɓe shi.