Zayyad Mai Yi wa Tsuntsaye Turanci

Wata 'yar magudanar ruwa ce ta raba gonata da ta Malam Mamman, a fadamar da ke ƙasan madatsar Tiga. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yadda ɗansa Zayyad ya koyi Turanci nakan ce ya nemi wuri ya zauna, domin ni na sha Turancin nan a kunne tun yana ɗanye, ba da son raina ba.

Malam Mamman yana goye aka taso su daga tsohon garinsu lokacin da ruwan dam ya ci shi. Ya tashi masunci, gonar da ya gada kuwa ba ta fi a zagaye ta kafin shayi ya huce ba. Shinkafar rani yake sawa, ita ce abincin gidan, ita ce kuma ke riƙe da karatun yara. Mutum ne mara son magana. Idan ka gaishe shi ya amsa, to ka ci rabonka na ranar. Tun muna samari ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko da jaki ya shiga masa shuka.

A wajenmu, da zarar shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa, sai jan baki su sauko. Tsuntsaye ne 'yan mitsi-mitsi, amma idan garkensu ya sauka a gona ya tashi, ƙaiƙayi za ka girbe. Kowane gida sai ya tura yaro ya hau rumfar kara a tsakiyar gona, ya yi ta ihu yana jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, daga fitowar rana har faɗuwarta. A makonnin nan rabin aji yana fadama. Malamai sun sani, sun gaji da faɗa sun yi shiru.

Zayyad siririn yaro ne mai dogon wuya, kuma ya ɗauko shirun ubansa. Shekarar da aka fara ɗora shi a rumfa yana ƙaramar sakandare, abin da ya dame shi shi ne a wuce shi a karatu. Ya duba ya ga dai ihu dole ne, tsuntsu kuma bai damu da abin da ka ce masa ba. Sai ya mayar da ihun karatu. Sauran yara suna ta haa-haa, shi kuwa yana kwarara wa jan baki sunayen ranakun mako da Turanci, da sassan jiki, da duk abin da ya riƙe daga aji. Abin haushin, ya yi aiki. Tsuntsayen da ya koro kaina suke sauka. Na ce masa, "Zayyad, ka rage musu bokon nan, ni suke kawo wa ƙara." Ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba Audu."

Da abin da ke kansa ya ƙare, sai ya shiga neman ƙari. Ranar kasuwar Ƙofa yakan bi masu tsire da masu balangu yana roƙon tsofaffin jaridun da suke naɗe nama. Wasu mai ya jiƙa su har ana hango rana ta ciki, haka zai shanya su a kan rumfa ya danne da dutse ya karanta da ƙarfi. Labari ba ya taɓa zuwa masa cikakke, ko a yage farkon ko a yage ƙarshen, sai ya ƙirƙiro ragowar da kansa. Da yake hannunsa yana kan igiya ba ya samun rubutu, idan ya ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinsa sai ya ƙulla ciyawa ya sa a aljihu, ya yi ta maimaita ta. Ranar da ya leƙa makaranta sai ya tare malamin Turanci, wani ɗan bautar ƙasa mai haƙuri, ya riƙa zaro ciyayi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Mahaifiyar Zayyad, Saude, ta ce ta gaji da wanke wando mai ciyawa kamar na akuya.

Ba karatu kaɗai yake yi ba. Yana da hannun gyara, duk rediyon da ta mutu a unguwa gidansu ake kai ta, kuma sai ya riƙe ta kwana biyu bayan ta tashi, wai gwaji, alhali sharhin ƙwallo yake saurara. Yana kuma sassaƙa ƙananan jirage da ɓargon kara ya saki a magudana, yaran unguwa su bi su da gudu. A cikin gari kuwa ko kalma ɗaya ta Turanci ba za ka ji a bakinsa ba. Samari sun sa masa Baturen Fadama, ya san idan ya buɗe baki dariya za su yi.

Shekarar da ya shiga ajin ƙarshe, ƙanin ubansa Baffa ya fara magana. Kafaɗar Malam Mamman ta soma ciwo, jan taru yana ba shi wuya, Baffa ya ce ga ƙato a gida ana kashe masa lokaci a boko. A gabana Malam Mamman ya yanke magana. Ya ce shinkafar bana ce za ta raba gardama: idan ta yi, Zayyad ya ƙarasa ya zauna jarrabawar fita, idan ba ta yi ba, ya ajiye littafi ya shiga kwalekwale. Zayyad yana tsaye ya ji da kunnensa.

A wannan ranin ne wani abokinsa ya ba shi tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya gyara ta, wani malaminsu ya zuba masa hirarrakin Turanci a ciki. Kwana kaɗan da fara saurara ya ƙetaro magudana ya same ni, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ya ce, "Baba Audu, ashe duk shekarun nan ihu nake yi. Su ba haka suke magana ba. A hankali suke yi, wani ya faɗa, wani ya jira ya amsa."

Na ce, "To ai mu ma haka muke yi da Hausa."

Ya ce, "Ni ban taɓa yi da kowa ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Yaro ya tara harshe guda a cikinsa, bai taɓa samun wanda zai ce wa ina kwana da shi ba.

Daga ranar muryarsa ta fara sauka. Zai toshe kunne da wayar, ya saurari jimla, ya tsayar, ya maimaita yadda mai maganar ya yi ta, har da inda ya ja numfashi. Can kuma sai ya zama mutum biyu, ya yi tambaya ya juya kai ya ba kansa amsa. Na yi yaron mota shekaru a hanyar kudu, ina da ɗan tsumman Turancina, kuma na san abin da nake ji yanzu ya fi na da nesa ba kusa ba. Amma na lura da wani abu. Na ɗaga murya na ce, "Zayyad, baƙinka sun daina zuwa wurina." Ya zabura ya ja igiya, gwangwanaye suka yi ƙara, ya yi ihu biyu. Kafin in kai ƙarshen kunyar da nake cirewa ya sake nutsewa. Na faɗa masa ranar, na faɗa washegari, har na fara jin kaina kamar tsohuwa mai mita.

Ranar da abin ya faru na kai akuya kasuwar Tudun Wada. Da la'asar na biyo ta fadama, tun daga nesa na hango kusurwar gabas ta gonar Malam Mamman ta yi baƙi da jan baki tana motsi. Zayyad yana kan rumfa ya ba su baya, kunne a toshe, yana magana yana juya hannu kamar mai bayani a gaban alƙali. Na jefar da keke na ruga ina ihu. Da suka tashi sai da suka rufe rana. Ya juyo ya gani, ya sauko, ya kama zangarniya ɗaya ya matsa, babu komai a ciki. Bai yi kuka ba, gara ma da ya yi. Ya ce, "Ni zan faɗa wa Baba," ya kama hanyar gida.

Da sassafe Malam Mamman ya zo, bai fita ruwa ba. Ya bi gonar a hankali yana matsa kawunan shinkafa yana saki, Zayyad na biye da shi. Abin da ya rage zai ciyar da gida da ƙyar, in an tsare shi sosai. Ni dai na yi kamar ina gyaran magudana, kunnena yana wurinsu.

Malam Mamman ya ce, "Me kake faɗa lokacin da suke ci?"

Zayyad ya ce, "Bayani nake gwadawa, Baba. Yadda ake shimfiɗa taru a ruwa."

"Faɗa in ji."

Yaron ya fara da Turanci. Muryarsa tana rawa da farko, daga baya ta zauna. Ya yi ta magana a nitse, babu tuntuɓe, hannunsa yana nuna yadda ake sakin raga daga bakin jirgi. Uban bai san ko kalma ɗaya ba, amma ya san hannun. Da ya gama, Malam Mamman ya juyo wurina.

"Audu, kai ka yi yawon duniya. Daidai yake faɗa?"

Na ce, "Nawa na tasha ne, Malam Mamman. Wannan irin na rediyo ne."

Ya daɗe yana kallon kusurwar da aka cinye. Sannan ya ce wa ɗansa, "Kai ba ka da sauran amfani a gona." Zayyad ya ce to, idonsa a ƙasa, na ga ya riga ya sa kansa a kwalekwale. Uban ya ce, "Gobe ka sa kayan makaranta. Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan sai an girbe."

"Baba, wa zai tsare?"

Malam Mamman ya juya ya nufi rumfar. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya kama sandar rumfa, ya hau da ƙyar saboda kafaɗar.

Lokacin kifi da lokacin tsuntsu ɗaya ne, duka da sanyin safiya suke fitowa, don haka ya bar wa Baffa jirgin. Baffa ya yi fushi har ya daina shiga gidan. Miyar Saude ta koma ta kuka zalla. Ni kuwa na zauna a gonata ina jin abin da ban taɓa zaton zan ji ba, dattijo mai furfura a kan rumfar yara yana haa-haa daga safe zuwa yamma. Bai iya ba. Ihun yakan fito masa a karye, kamar yana jin kunyarsa. Na so in tsokane shi yadda na saba tsokanar ɗan, bakina ya ƙi. Tausayi ya hana ni, da kuma wani girmansa da na gani wanda ban san yana da shi ba.

Kafin girbi muryar ta dushe, sannan ta ɗauke gaba ɗaya, sai igiya kawai yake ja. An girbe abin da ya tsira, ya isa abin da ya isa. Zayyad ya zauna jarrabawarsa, yanzu yana jiran sakamako, yana kuma koya wa yaran unguwa karatu a zauren gidansu. Ba na cewa ya ci, ban sani ba tukuna.

Muryar Malam Mamman ta dawo, amma ba duka ba, sai ka matso kake jin abin da yake cewa. Kwanan baya na tarar da Zayyad a bakin magudana yana kallon rumfar da babu kowa a kai. Na ce masa an ce shi malamai suka tsayar ya yi jawabin bankwana da Turanci a gaban makaranta, har da tafi. Na zaci zai yi murmushi.

Ya ce, "An yi, Baba Audu. Da na dawo na durƙusa na faɗa wa Baba. Ya sa mini albarka, sai da na ce ya maimaita, ban ji ba."