Hausar Inna

Ni direba ne, ina jigilar kaya tsakanin Dapaong da Sokodé, a nan Togo. Ban daɗe a lakwal ba, wato makarantar boko, malamin ma bai neme ni ba da na daina zuwa. Iyalina suna Dapaong. Mahaifiyata, Inna, tana Zangon Sokodé tare da ƙanwata, a gidan da aka haife mu.

Inna 'yar Tchamba ce. A gidan aure ta koyi Hausa, wajen babanmu mahauci, da kuma bakin tukunyar kokon da ta yi shekaru tana sayarwa. Hausarta ba ta san mace da namiji ba. "Yarinya ya zo, akuya ya gudu." Da ita ta raine mu, da ita ta zage mu, da ita take yi mana addu'a. Yarenta na Tchamba ba ta koya mana ba, domin Baba bai so a yi shi a gidansa.

Bara 'yar ƙanwata, takwarar Inna, wadda ta yi karatu a Lomé, ta kira ni a waya. Ta samu aiki da wasu masu koya wa kwamfuta harsuna. Ta yi min bayani, na ce ta maimaita.

"Kawu, mutum zai yi magana in ɗauka. Sai in zauna in tsinka maganar, in ware ta gida-gida. Wannan abin da ya wuce ne, wannan ana cikinsa, wannan za a yi, wannan an saba yi kullum. Kwamfuta ba ta san jiya da gobe ba sai an nuna mata."

"Kamar yadda muke ware albasa a tasha?"

"Kusan haka. Amma Hausar Zango nake so. Ka tara min mutane, kuma ka gaya wa Inna ta shirya."

Na ji wannan na ƙarshe da kunnena. Sai dai na ɗauka ladabi ne kawai, irin na jika da kakarta.

A tashar Dapaong akwai 'yan Nijar da 'yan Najeriya da yawa yanzu, masu manyan motoci. Da na ba su labarin aikin muna shan shayi, wani ɗan Maraɗi ya ajiye kofinsa.

"Ku ne za ku koya wa na'ura Hausa? Ɗan Togo, wai matarka ya haihu kuwa?"

Aka yi dariya. Wani ya ce in kwamfutar ta koya a wurinmu, za ta riƙa gaisuwa da Hausa, ta yi ciniki da Faransanci, ta yi zagi da Kotokoli. Ni ma na yi dariya, don haka ake yi. Amma na sauko Sokodé da abin a cikina, har na wuce garin Kara ina ta juya shi.

Da na iso, sai na je na roƙi wani malamin allo da ya zo daga wajen Sakkwato, mai magana kamar rediyo, ya zo gidanmu ranar ɗaukar. Ya zo da babbar rigarsa. Muka shiga tsakar gida, yarinyar ba ta ƙaraso ba tukuna.

Inna tana zaune kan sabuwar tabarma. Ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta sa kwalli, an kunna turaren wuta. Maƙwabta mata sun zo kallo. Ƙanwata ta ce tun safe take bitar abin da za ta faɗa: yadda ake jiƙa gero, yadda ake tacewa, da yadda ta taɓa ƙona hannunta ranar wata Sallah.

Inna ta ce, "Takwarata ya ce in gaya masa yadda nake koko. Ina na'urar?"

Malamin ya ɗan sunkuyar da kai. Ban ma san ko murmushi ya yi ba. Ni dai na ji muryar ɗan Maraɗin nan, sai na ce:

"Inna, ki bari. Wannan aikin na masu Hausa ne. Ga Malam na kawo."

A gaban maƙwabta na faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni, ta dafa ƙasa ta tashi, ta naɗe tabarmar da kanta. Ta faɗi wata magana da yaren Tchamba ta shige ɗaki. Na tambayi ƙanwata me ta ce. Ta ce ita ma ba ta ji duka ba.

Yarinyar ta iso da jakarta, ta ga malam, ta ga ƙofar Inna a rufe. Ta ɗauki maganar malamin don kada ya ji kunya. Ya yi mata jiya da yau da gobe tsaf, ta gode, na raka shi bakin titi. Da na dawo ta tare ni a zaure.

"Kawu, irin Hausar Malam suna da ita kamar ƙasa. Ta Inna ce babu ko ɗaya. Ita aka aiko ni nema."

"To ai sai ki faɗa."

"Na faɗa."

Ta shiga ta lallashe ta. Daga waje ina jin Inna tana cewa kanta ke ciwo. Washegari ma haka. Yarinyar ta zaga unguwar Kpangalam ta samu wasu tsofaffi, ta koma Lomé ba tare da muryar kakarta ba.

Na ba Inna haƙuri. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce Inna ki yafe min, bakina ne. Ta ce ta yafe, da Hausa ta faɗa. Na aika ƙanen Baba ya yi mata magana, ta ce masa ai babu komai. Amma tun daga ranar, in na zo, gaisuwa kaɗai nake samu da Hausa. Lafiya lau, ya hanya, ya yara. In magana ta wuce nan, sai ta juya yaren Tchamba, ƙanwata ta tsinto min abin da ta iya. Ga ni da furfura a gemu, ina zaune gaban uwata da tafinta.

Matata ta ce in koyi yaren mana. Na fara, wajen wani mai faci ɗan Tchamba a Dapaong. Kaina ya yi tauri, abin da na koya da safe kafin in kai garin Mango ya zube. Rannan na gwada wa Inna jimla ɗaya. Ta gyara min sau biyu, ba ta yi dariya ba.

Yanzu in na iso Zango, ba na sallama nan da nan. Ina tsayawa a zaure in saurara. Tana can ciki da maƙwabta, tana faɗa da mai ruwa, tana ba da labarin wata amarya da ya ƙi dafa abinci, Hausa tana zuba kamar da. Nakan daɗe a tsaye har ƙafata ta gaji. Sannan in yi sallama.