Yadda Aka Sa Ni Kaɗa Piyano a Gaban Umda a Makka

Kano zuwa Hartum

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka fita daga gida, ni da Baba, ana yayyafi. Inna ta raka mu da addu'a har bakin zaure, motar wani abokin cinikin Baba ta kai mu filin jirgi. Yau wata uku da dawowarmu. 'Yan ajinmu sun dame ni in ba su labarin hanya, ga shi kuma ana yaɗawa a gari wai an kama ni da asiri a Makka. To, ku ji daga bakin mai ita.

A ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwa, akwai takarda shafi huɗu. Malamarmu Baturiya, wadda muke kira Mai Tabarau, ita ta kwafa mini da hannunta. Wani kiɗan piyano ne mai sanyi, irin wanda Turawa ke ce wa kiɗan dare, na bege da tunanin masoyi. Shekara biyu ina koyon piyano a ɗakin taron makaranta, wata biyar ina fama da wannan kiɗa shi kaɗai. Ta ce kada in bar yatsuna su yi sanyi, in riƙa motsa su ko a kan murfin akwati ne. Baba bai san da takardar ba.

Jirgi ya tashi bakwai saura kwata. Ya sauka a ƙasar Chadi ya sha mai, muka isa Hartum bayan la'asar, kunnuwana a toshe. An kwantar da mu a wata rumfar kwano. Abincin dafaffen wake ne da man zaitun da gurasa, shayi kuwa ƙaramin kofi kirshi ɗaya a kuɗinsu na can.

Jidda

Washegari Baba ya ɗaura harami tun a Hartum, muka tashi ƙarfe tara, muka tsallake Bahar Maliya. A Jidda an duba fasfo da katin allura, mai binciken kaya ya burkita akwatina da sanda, bai kai ƙasa ba. Da ya kai, da na huta. Kwana biyu muka yi a masaukin alhazai, inda ake sayar da ruwa a garwar kananzir, ɗumi kamar na wankan jego.

Wakilin muɗawwifinmu, wato mai kula da baƙi, ya zuba mu a babbar mota bayan magariba. Direban haifaffen can ne, Hausarsa rabi da rabi. Da ya ji daga Kano muke sai ya ce kakansa ma ɗan Kano ne, ya tambayi Baba wai gaskiya ne ruwan sama na yin kwana biyu bai tsaya ba. Baba ya ce har uku. Direban ya ce Baba na yi masa ƙarya cikin harami, muka yi ta dariya. Mil arba'in da biyar ne, amma awa huɗu muka yi, saboda tsayawa shan shayi a Bahra da shingen da ake sake duba takardu.

Makka, unguwar Misfala

Bayan mun gama umra mun kwance harami, muka sauka wajen Goggo Asabe, ƙanwar Baba. Shekara ashirin da suka wuce ta zo da ƙafa tare da mijinta, ya rasu, ta zauna. Ɗakinta guda ne a kan tudu, wanki da guga take yi a gidan wasu attajirai kusa da Harami.

Rana ta uku Baba ya tafi masallaci, na fito da takardar, ina taka yatsuna a murfin akwati. Goggo ta tsaya tana kallo, ta ce ko aljanu ne. Da na yi mata bayani sai ta riƙe haɓa, ta ce uwar ɗakinta, wadda suke kira Sitti, tana da wani akwati mai haƙora farare da baƙaƙe a saman bene. Ta je ta faɗa. Washegari aka aiko wai in zo.

Na san ba a kiɗa a fili a Makka. Na ga masu sanduna da ke zagaya kasuwa suna kora mutane salla, an kuma gaya mini ko garmaho suka ji a gida sai sun fasa. Na ce ina tsoro. Goggo ta ce ƙin zuwa zai zama raini, kuma a gidan take ci.

Gidan Sitti

Tafiyar minti ashirin ce. Gida hawa huɗu, tagogin katako masu ƙananan huda. An rufe piyanon da darduma, an jera farantai a kai kamar kabad. Surukin Sitti ya kawo shi a kan raƙuma tun zamanin Turkawa. Sitti farar mace ce mai jiki, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta, ta yi magana, Goggo ta fassara: "Kina cikin amanata, 'yata. Ko ƙuda ba zai ji ba." Aka rufe tagogi, aka cusa matasai. Bayan azahar ne, maza na barci.

Wanda bai taɓa ba zai ce kiɗa mai sanyi shi ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Hannun hagu dole ya yi tafiya daidai wa daida, kamar mai ɗauke da tulu cike a ka, alhali yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Hannun dama shi ke waƙar, yana jinkiri, yana gaggawa, ba ruwansa da na hagu. In ka danna da ƙarfi ka ɓata, in ka sassauta da yawa haƙorin ya ƙi magana. A shafi na uku akwai wani wuri da dama ke zuba sauti goma sha ɗaya a kan shida na hagu. Mai Tabarau ta ce kada in ƙirga, in sake shi ya zubo. Ban taɓa wuce wurin sau uku a jere ba tare da tuntuɓe ba. Ga shi wannan piyano zafi ya cinye shi: haƙora biyu sun mutu, ɗaya in ya shiga sai an ɓanɓaro shi da farce, abin takawa na ƙara kamar ƙofar langa-langa.

Mata tara ne a ɗakin. Da na fara suna ɓare 'ya'yan kankana suna ƙyalƙyala dariya. Kafin ƙarshen shafi na farko na daina jin ɓarewar. Da na gama ba wadda ta motsa. Sitti na hawaye, ta ce ya tuna mata da shekarar da aka kawo ta gidan tana amarya. Wata tsohuwa ta tambaya ina kalmomin waƙar, aka ce babu, ta ce to ita ta ji su. Suka sumbaci yatsuna ɗaya bayan ɗaya, aka fesa mini ruwan wardi. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. A makaranta ba a taɓa yi mini kuka ba, sai dai a tafa a tashi.

Suka ce in sake. Na sake. Suka ce in ƙara. Ana cikin na uku wata daga cikinsu ta ji zafi ya ishe ta, ta zare matashi ta buɗe taga.

Ba a yi minti goma ba aka buga ƙofa. Mata suka watse bayan labule, aka bar ni da Goggo a tsakiyar ɗaki. Masu sanda biyu suka hau, tare da mai unguwa, wanda suke kira umda, wani dattijo siriri mai jan gemu. Sai na ji muryar Sitti daga bayan labule, tana magana da sauri. Na dubi Goggo. Ta ƙi fassarawa sai da na girgiza ta.

Wai ita ba ta san komai ba. Wai wata Takruniyya ce, wato baƙar fata irinmu, 'yar ɗan'uwan mai wankinta, ta shigo da wata takarda, ta buɗe akwatin da ya shekara talatin a rufe, ta ɗaure musu hankali har suka kasa tashi.

Matar da hawayenta bai bushe a bayan hannuna ba! Sauran takwas ɗin kuwa, da suka sumbaci yatsuna, ko tari ba wadda ta yi.

Babban mai sandan ya ɗauki takardar. Ya ga layuka biyar biyar, da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya, ba Larabci ba, ba boko ba. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce hatimi ne, dama Takari an san su da wannan. Ya faɗi kalmar sihiri, wadda ba ta bukatar tafinta. Goggo ta zube a ƙasa. A can ba a wasa da wannan tuhuma, wanda aka tafi da shi a kanta ba a sa masa ranar fitowa. Saura kwana huɗu a hau Arfa.

Aka kira Baba daga masallaci. Ya shigo yana haki, aka nuna masa takardar, ya rantse bai taɓa ganinta ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma rantsuwar ta ƙara nutsar da ni. Na ce kiɗa ne aka rubuta, kamar yadda ake rubuta magana. Mai sandan ya yi tsaki, ya ce ba a rubuta iska.

Umda ya shafa gemu. Sannan ya ce in dai rubutu ne, to a ja mini baƙi kamar yadda ake yi wa mai hadda: zai nuna wuri, in karanta da hannu, ya nuna wani, ya dawo na farko. In abu ɗaya ya fito sau biyu, rubutu ne. Mai sandan ya ce shi ba zai saurari haram ba, ya koma kan matakala ya toshe kunnuwa da yatsu. Ku duba fa: in na ƙi kaɗawa ni matsafiya ce, in na kaɗa na yi laifi a gaban shaidu.

Umda ya zaɓi inda tawada ta fi yawa, ya ɗora yatsa. Wurin goma sha ɗayan nan ne. Ni kuwa kullum daga farko nake kamawa, ban taɓa faɗawa tsakiya ba. Tafin hannuna ya jiƙe, haƙoran na santsi. Na fara, hagu ya bi dama, suka harɗe. Na sake, haƙori mai makalewa ya shige ya zauna. Na ɓanɓaro shi, farcena ya karye. Baba ya ce a hankali, "Binta, yi bisimilla." Na yi. Ban ƙirga ba, don ba ni da hankalin ƙirga, sai ya zubo. Umda ya nuna shafi na ɗaya, na kaɗa. Ya nuna na huɗu. Ya dawo wurin farko, ya sake zubowa yadda ya zubo ɗazu.

Na ɗauka an gama, sai ya ce in kai shi ƙarshe. Na kai. Idonsa na ƙasa har sautin ƙarshe ya mutu, sannan ya ce, "Wannan ba sihiri ba ne. Wasan banza ne." Ya ce a ƙona takardar, a kashe akwatin, Baba ya yi alkawarin ba zan ƙara ba. Piyanon ya fi ƙarfin a sauko da shi, sai suka kawo almakashin maƙera suka yanke wayoyinsa ɗaya ɗaya. Muna sauka muna jin kowace tana tsinkewa. Sitti ba a ko kira sunanta ba.

Baba bai dake ni ba. Sai da muka kusa Misfala ya ce, "Da kin gaya mini, da ban rantse a kanki ba." Da ma dukan ya yi.

Mina, Arfa da dawowa

Mun fita Mina ranar takwas ga wata da hantsi, mun tsaya Arfa, mun yi jifa, Allah ya karɓa. Na yi ƙoƙari in yafe a can inda kowa ke yafewa. Bakina ya faɗa, zuciyata ba ta bi ba.

Ana gobe za mu bar Makka Goggo ta dawo daga aiki da ƙullin siliki: kwalbar turare da warwaro biyu na zinariya, daga Sitti. Wai tun ranar kiɗan bai bar kunnenta ba, wai Allah ya yi wa hannuna albarka. Na ce a mayar mata, ta sa a hannun da ta nuna ni da shi. Goggo ta zauna a bakin tabarma, ta dubi tafin hannunta da sabulu ya cinye.

"Ke gobe kina Jidda, 'yar nan. Ni jibi ina wanke mata zane. Karɓi, ki ce kin gode."

Na karɓa. Na ce a gaya mata na gode ƙwarai. Wannan ce ƙaryar da na yi a Makka, kuma ita ta fi ci mini rai.

Mun bar Misfala ƙarfe biyar na yamma, mun jira jirgi kwana shida a Jidda, mun sake kwana a rumfar Hartum. Jirgi ya sauka Kano ƙarfe uku da rabi na ranar Laraba, gero ya yi kai, Inna da 'yan'uwa na jira a bayan shingen waya. Turaren na bar wa Goggo. Warwaron suna wajen Inna, na ce kada ta nuna mini inda ta ajiye.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Baba, da Goggo Asabe, Allah ya ba ta abin da zai raba ta da wankin wasu. Na gode wa dattijon da ya tsaya ya saurara kafin ya yanke hukunci, ko da yake wasan banza ya kira kiɗan. Iyakar waɗanda nake gode wa da zuciya ɗaya ke nan.